Sahabi da Aljanin Girka Mai Ƙafar Akuya

Mu mutanen Rijiyar Aduwa mun saba da 'yan cin rani. Wani ya dawo mana da rediyo, wani da keke, wani kuwa da tari kawai. Amma wanda ya dawo da aljanu cike da baki, sai a kan Sahabi muka fara gani.

Gadi ya yi a ƙofar wata makarantar koyon Ingilishi a Kumasi. Bencinsa yana daidai ƙarƙashin tagar wani tsohon malami da ba shi da aiki sai tono asalin kalmomi, ya ce wannan daga tatsuniyar mutanen Girka ta fito, waccan daga ta mutanen Rum. Sahabi bai koyi yadda ake roƙon ruwan sha da Ingilishi ba, amma tatsuniyoyin nan ya kwashe su tas. Da ya dawo farkon damina, rumfar Aminu mai shayi ta zama ajinsa, mu kuma muka zama ɗalibai ba tare da an tambaye mu ba.

"Kuna zaune kuna cewa Nasara ya fi mu ƙarfe," in ji shi, yana kaɗa kofi. "Ba ƙarfe ba ne, kalmominsa ne. Kowace kalma da aljani kwance cikinta. Hatsin nan da kuke ci, kun san me Ingilishi ke ce masa? Siriyal. Daga sunan Siris ne, wata aljanar Rum mai kula da gonaki."

Jibo, taubashinsa, wanda gonarsu ke haɗe kuma bakinsa ba ya ƙwauron magana, ya ce, "Yo ai Uwar Gona ke nan. Kakannin kakanninmu sun yi ta, suka tuba suka bari. Har Kumasi ka tafi ka ɗauko abin da muka zubar a juji?"

"Jahilci dai ciwo ne. To amsa-kuwwa fa? Eko suke ce mata. Wata aljana ce da aka tsine mata, ba ta iya faɗar nata, sai dai ta maimaita abin da wani ya faɗa."

"Af, to ai ga ta nan zaune tana shan shayi," in ji Jibo. "Malamin Kumasi ya faɗa, kai kana maimaitawa."

Liman da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Sahabi, ka kiyayi imaninka fa."

"Allah gafarta Malam, ba bauta musu nake ba. Su kansu masu abin sun ce ƙarya ce. Ni tacewa nake kamar gasara, in riƙe dabarar in zubar da dusar."

Da a baki abin ya tsaya, da mun sha dariyarmu mun tashi. Sai Sahabi ya ce ilimin da ba a gwada ba gawa ne.

Ya fara da garken awakin matarsa Kaltuma. Wai Ingilishi kan kira aiki mai wuya hakuliyan, saboda wani ƙato Harkulis da aka ba shi sharar garken shanun sarki, shi kuwa ya juyo da kogi ya wanke wurin a wuni ɗaya. Rannan hadari ya haɗo, Sahabi ya ɗauki fartanya ya haƙa lambatu daga kwarin bayan gida har tsakiyar garke. Kaltuma ta fito tana cewa, "Baban Balki, takin nan fa tun rani nake tara shi don gona!" Ya ce ta koma ɗaki, wannan magana ta fi ƙarfin mata.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya shiga garke ya kwashi taki, ya haɗa da akurkin kaji, ya karya danga, ya juye duka a garkar kuɓewar Jibo. Da gari ya waye ga garke fes kamar an lashe, ga Jibo a ƙofar gida ya zo godiya.

"Taubashi, Allah ya saka. Ka gaishe mini da Harkulis. In yana da ƙane, a turo mini shi baɗi."

Sahabi ya ce dabara ta yi aiki, gangaren ƙasa ne bai yi karatu ba.

Da hatsi ya fara nuna, aka shiga gyaran rumbuna. Yaron goye ma ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maza ake kira su kewaye ta, a yi salati a ɗaga tare. Sahabi ya ce a Girka akwai Atalas, wanda ya ɗauki sama ɗungurungum a kafaɗa, har Ingilishi suka sa wa littafin taswira sunansa. Sirrin kawai shi ne mutum ya tsaya daidai tsakiya. Ya rarrafa ya shige ƙarƙashin sabuwar jinkarsa, ya yi nishi, ya miƙe. Wallahi ya ɗaga ta, wannan kam ba za a hana shi ba. Sai dai ta rufe shi har gwiwa, ba ya ganin gabas balle yamma, ga iska ta taso.

Abin da mutanen gari suka gani shi ne ɗaki da ƙafafu biyu yana tafiya kan hanyar rijiya yana tangaɗi. Yara suka watse da ihu. Jakuna suka tsinke igiya. Tsohuwa Lantana tana daka a ƙofar gidanta, ta ga abin ya nufo ta, ta yi a'uziyya ta zabga masa taɓarya.

"Wayyo! Inna Lantana, ni ne!" in ji jinka.

"Har sunana ya sani!" Ta ƙara masa wata.

A cikin kwamin shayar da dabbobi tafiyar ta ƙare. Maza suka taru suka ɗage jinkar daga kansa, kowa ya kama gefe, yadda ya kamata a yi tun farko. Sahabi ya fito yana ɗigar ruwa ya ce ai shi Atalas ba a zamanin iska ya yi aikinsa ba.

Daga nan wasa ya ƙare, domin labari ya zo cewa tafkunan arewa sun ƙafe da wuri. Makiyaya sun taso da garkunansu suna gangarowa kwarinmu na Tarka, alhali ranar da hukuma ta tsayar ta sakin gonaki da sauran nisa, hatsi kuma yana tsaye ba a yanke ba. Maigari ya tara mu ya ce a yi gayya babu kama hannun yaro, gona bayan gona. Ka'idar gayya kuwa ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta: ka je ta wani a zo taka, ranar taka kuma ka ciyar da mutane. Gonar Sahabi ce ta ƙarshe a gefen gari, bakinta a burtali, hanyar da dabbobi ke bi. In akwai wanda ya kamata ya riga kowa fitowa gayya, shi ne. Kaltuma ma ta daɗe da ɗaure wani bunsuru tana kiwo don tuwon ranar.

Sahabi ya miƙe gaban maigari ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, a cire sunana. Ba na zuwa ta kowa, kar kowa ya zo tawa. Gonata za ta tsare kanta, in yanke ta a tsanake."

"Da me za ta tsare kanta?" in ji maigari.

"Da fanik. Firgita ke nan da Ingilishi, irin wadda ke sa a gudu ba a san dalili ba. Daga Fan ta samo suna, aljanin makiyayan Girka, rabinsa mutum rabinsa akuya, da ƙaho. In ya kurma ihu ɗaya daga daji, garke ya watse, rundunar yaƙi ma ta zubar da makami. Duk garken da ya ji nawa, sai ya kwana can garin Tanut."

Jibo ya ce, "Rabin akuyar kam ba za ka sha wuya ba. Ina za ka samo rabin mutumin?"

Ranar kasuwar Belbeji, Kaltuma ta dawo daga rijiya ta tarar da turke babu bunsuru. Da yamma ga maigida ya dawo da fatun awaki ɗanyu guda uku, da ƙahoni daga wajen mahauta, da tsohuwar lasifika ta hannu da ya karɓa wajen wani mai tallar magani. Dukansu da bunsurun nan ya yi musayarsu.

Kaltuma ba mace ce mai hayaniya ba, amma rannan muryarta ta ƙetare danga. "Baban Balki, taki ya tafi na yi shiru. Ka sha taɓarya na dafa maka ruwan zafi. Amma gonar nan ita ce cikinmu na shekara, ni da Balki da tsohuwarka. Ba mu da wata. Ka je ka ba maigari haƙuri tun ba a gama rabon kwanaki ba."

"Ke dai ki tanadi guɗa," in ji shi.

Ni da nake jin su, tausayinta ya kama ni, shi kuwa na ji kamar in tsallaka in maƙure shi.

Kafin kwana biyu fatun nan suka fara wari, har ƙudajen unguwa suka tare a gidan. Sahabi ya tuna masu fata kan sa gishiri. Ya ɗauko kantun gishirin Balma ya dake shi lilis, ya cuɗa fatun ciki da waje, ya ƙara da ruwan kanwa don ƙarin inganci. Jama'a, a Damargu fa muke, ƙasar kiwo! Wa bai san saniya za ta bar ɗanta ta bi kantu ba? Shi kansa Sahabi da kiwo ya tashi. Amma kansa yana Girka, ƙafarsa kaɗai ke tare da mu.

Ranar da abin ya faru, gayya tana gonar Jibo, wato duk mazan gari suna nan, mata kuma sun fara isowa da ƙoren fura. Da hantsi sai ga garken Dado, wani Bafulatani mai natsuwa da ya daɗe yana bin hanyar nan bai taɓa yi wa kowa ɓarna ba. Shanunsa jajaye masu dogon ƙaho suna tafe cikin burtali a jere, awaki da tumaki a baya, shi da ƙannensa suna gefe da sanduna suna tsare bakin gonaki. Da an bar su da sun wuce lafiya.

Sai wani abu ya yi tsalle daga bayan sabara ya dira tsakiyar burtali. Gashi tun daga ƙugu har idon sawu, wata fatar a baya, duk an ɗaure da tsirkiya tamau, ga ƙahoni a ka ɗaya ya karkace, ga lasifika rataye a wuya. Ya ɗaga ta, ya cika ƙirji da iska, ya danna maɓalli. Ashe ba nan ne wurin magana ba. Muryar mai tallar magani ta fashe a dajin:

"Ina mai basir! Ina mai ciwon baya! Ina wanda cikinsa ke kumburi! Ga magani ya zo, sha yanzu magani yanzu!"

Masu gayya suka saki yanka suka miƙe. Shanu suka tsaya cak. Ba wadda ta gudu. Wata babbar saniya da ke gaba ta miƙa wuya, ta shinshina, ta matso, ta zaro harshe ta lashi cinyar aljanin Girka tun daga gwiwa har ƙugu.

Wanda saniya ba ta taɓa lasa ba bai san kaushi ba. Sahabi ya yi ƙara, wannan karon ta gaskiya. Ta biyu ta zo ta baya. Ta uku ta kama fatar kafaɗa tana tauna. Awaki suka kutso ta ƙarƙashin shanu suna rububin ƙwauri. Kafin ka ce kwabo garke duka ya bar layi ya yi masa zobe.

"Tsaya wuri ɗaya, bawan Allah!" Dado ke ihu. "Kar ka gudu!"

Ina! Sahabi ya sami kafa ya zura da gudu. Ga burtali shimfiɗe gabansa har kwari, ga fili ta hagu babu shuka. Shi kuwa ya ga hatsinsa ya yi tsawo zai ɓoye shi, sai ya faɗa gonarsa. Garke ya rufa masa baya.

"Fita gonar! Bi burtali!" in ji maigari.

"Tuɓe fatar, taubashi! Tuɓe!" in ji Jibo.

Ba ya jin kowa, domin lasifikar tana ƙirjinsa tana ta neman mai basir. Ko da ya ji ma, tsirkiyar ta sha gumi ta ƙulle, kuma gajeren wando kaɗai ne a ƙasa, ga matan gari tsaye. Ya yi gabas, shanu suka yi gabas. Ya karya kwana ya yi yamma, suka bi shi, waɗanda ba su kai gare shi ba suka huce a kan zangarniya. Mu muna ganin kan hatsi yana kwantawa layi-layi, ƙaho ɗaya yana ɓullowa nan yana nutsewa can. Maza suka shiga da sanduna, amma wa zai tare garken da ya ji gishiri? Lantana ta dafe ƙirji ta ce, "Wancan karon ɗaki ne, yau kuma akuya. Wai yaron nan me ya yi wa Allah?"

A ƙarshe wata aduwa ce ta cece shi. Ya haye ta da ƙayarta da komai, ya maƙale a reshe, shanu suka kewaye gindin suna miƙa harshe. Sai da Dado ya hau ya yanke tsirkiyar da wuƙa, ya jefa fatun can cikin burtali, sannan garke ya juya. Aka sauko da Sahabi jikinsa ja wur kamar an goge shi da dutsen wanka. Da ƙura ta lafa muka dubi gonar. Abin da ya rage a tsaye bai kai a kira gayya a kansa ba. Dariyar da ta cika wurin ta mutu ita kaɗai.

Da la'asar aka zauna ƙofar maigari. Kun san Sahabi, ko a nan bai saduda ba. Ya zo lulluɓe da zane ya ce a biya shi ɓarna, kamar yadda aka saba in dabba ta shiga gona kafin saki.

Dado ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, shanuna a burtali suke, kowa ya gani. Mutum ya zo ya shafe jikinsa da kantu ya tsaya gabansu, sannan ya ja su har gonarsa. In baƙo ya ci tuwo, wanda ya gayyato shi ake tambaya."

Maigari ya dubi taro. "Wa ya shigar da shanu gonar Sahabi?"

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya suka nuna mai zane. Har Liman.

"To babu biya," in ji maigari. "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Can gefen zana inda mata ke tsaye, Kaltuma ta rufe fuska da mayafi tana kuka ba sauti, Balki na riƙe da zanenta. Ba wanda ya iya dubanta. Kowa ya san abin da ake nufi da rumbu wofi tun kaka. Jibo ma, mai bakin nan, ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa.

Dado ya girgiza kai ya ce, kamar mai magana da kansa, "Amma tun da nake kiwo ban taɓa ganin abin da shanu suka bi haka ba. Ni da na raine su ba su bi na haka. Ga garkuna da yawa na tafe bayana, waɗansu ma yara ne ke kora su."

Sai muka ji muryar Kaltuma. Ta share ido, ta matso kaɗan ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini. Rabin gonakin garin nan ba a yanke ba, garkuna kuma na zuwa. Wanda ya iya jan garke ya shigar da shi gona, zai iya jan sa ya wuce da shi. A mai da masa fatunsa. Kullum da safe ya tari shanu a bakin burtali, ya ruga da su har ƙetaren kwari. Duk mai gonar da ta tsira ya ba mu dami ɗaya."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Jibo ya ce shi dami biyu zai bayar, in dai za a bar lasifikar a kunne. Dado ya ce bayan saki zai kwana da garkensa a gonar Sahabi ta sha taki, kuma zai aika wa na baya su san da zancen.

Sahabi ya zabura har zane na neman faɗuwa. "Ranka ya daɗe, ni? Mutumin da ya san asalin kalmomin Ingilishi? In zama abin lasar shanu?"

"Hatsin da za ka ci bana, a ina yake?" in ji maigari.

Sahabi ya buɗe baki. Karo na farko tun dawowarsa daga Kumasi, ba aljanin da ya fito.

Haka aka yi har aka gama yanka. Kuma abin takaici, dabarar ta yi aiki, ko zangarniya ɗaya ba a sake taɓawa ba. Kullum da hantsi sai ka hangi ƙura a burtali, ga mai ƙaho a gaba yana sheƙa gudu, ga jajayen shanu a baya, masu gayya su ɗago su yi masa sannu da aiki su koma yanka. Da yamma damma na shiga rumbun Kaltuma ɗaya bayan ɗaya.

Safiyar farko ina jin su ta danga. Kaltuma ta daka kantu da kanta, ta ɗaure masa fatun, tana cuɗa gishiri da tafin hannu.

"Kaltuma, ya isa haka. Jikina duk ya saluɓe. Ki rage kaɗan mana, don Allah."

"Balki ta tashi da yunwa," in ji ta. "Juyo, bayan bai ji ba."